DARASI: Gubar Da Ke Kwance A Lakar Fadama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yar'uwa, a darasin tsarki mun koyi cewa ruwan da kamanninsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba ya halatta a yi alwala da shi. To amma ki sani, ruwa yana iya zama garau a ido alhali guba na kwance a ƙarƙashinsa.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, fadama ita ce rumbun jama'a: shinkafa, albasa da tattasai, ga kuma kifin tafkuna irin na Romo. Idan manomi ya yi feshin maganin ƙwari, ba duka ke tsayawa kan ganye ba. Ruwan sama da na ban-ruwa suna wanke saura zuwa tafki, ya manne a laka.

Wasu magungunan, kamar DDT da Gammalin 20, ba su ruɓewa da wuri. Sukan yi shekaru a laka. Ƙananan halittu su ci lakar, tarwaɗa ta cinye su, mu kuma mu sa tarwaɗar a miya. Gubar takan taru a kitsen jiki, har ta bi nonon uwa zuwa ga jariri. Tana iya taɓa hanta da jijiyoyi. Dafuwa ba ta kawar da ita gaba ɗaya.

Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a 2001 don taƙaita irinsu DDT, aka ƙara da sinadarin Gammalin a 2009. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa.

To mene ne namu a ciki?

1. Ki tunatar da maigida cikin ladabi kada ya wanke injin feshi a tafki ko bakin rijiya.
2. Kada ki zuba mai, ruwa ko kunu a galan ɗin magani, ko an wanke shi. A huda shi don kada yara su ɗauka.
3. Ki wanke tufafin feshi daban, ban da na yara. Mai ciki ta bar wa wani wankin.
4. Kifin da aka tsinta matacce yana yawo kan ruwa, kada ya shiga tukunyarki, komai arharsa.
5. Ki cire kayan ciki da kitsen kifi kafin dafuwa.

Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. To ina ga zuba masa guba? Ruwan nan amana ne, maƙwabta da dabbobi da jikokinmu duk suna da haƙƙi a cikinsa. Ki isar da wannan ga mata a Islamiyyarku.

Allah Ya sa mu dace, amin.