Yadda Ake Yashe Hanyar Jijiya a Ƙashin Baya

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ya san abin da kacalla ke yi wa kanal: ruwan Tiga na zuwa, amma hanya ta tsuke. Haka ramin da ke cikin ƙashin baya yake tsukewa da shekaru, galibi tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na kwankwaso, ya matse jijiyoyin ƙafa. Dattijo zai yi 'yar tafiya, ƙafafu su yi nauyi su mutu, sai ya tsuguna. Abin mamaki, in ya sunkuya dashen shinkafa ko ya hau keke daga Kura zuwa Bunkure, lafiya lau, domin sunkuyo yana buɗe ramin. Shi ya sa manomanmu ba sa zuwa asibiti da wuri.

In aka zo yashe wannan hanya a ɗakin tiyatar da na yi aiki, bayan hoton MRI ya nuna wurin, rub da ciki muke kwantar da mutum, a saita da hoton ƙashi, a tsaga fata kamar faɗin farce. Wasu likitocin ƙofa ɗaya suke yi, wasu biyu, salon da likitocin Koriya ta Kudu suka yi fice a kai: kyamara ta nan, kayan aiki ta can. Idon kowa na kan allo.

Ruwan gishiri ke kwarara ciki ba tsayawa, yana wanke jini. Nan ɗan ban-ruwa zai fi kowa ganewa: dole a bar wa ruwan mafita. In ta toshe, ruwa ya taru ya danne jijiyoyi, mutum ya farka da ciwon kai da wuya.

Sai a gurje ƙashi kaɗan da ɗan inji, a isa wani kauri mai launin rawaya, wanda yawanci shi ne ya kumbura ya cinye hanyar. Sabon hannu yakan yi ɗokin cire shi. Gwani kuwa barinsa yake har ya gama gurza, don shi ne garkuwa. Ƙarƙashinsa akwai tantanin da ya lulluɓe jijiyoyi, siriri kamar ɓawon albasa, wani lokaci ma ya manne da kaurin. Da ƙugiya marar kaifi ake fara raba su, a bar ruwa ya shiga tsakani ya tura tantanin ƙasa, sannan a dinga gutsura, ba fizga. Fizga ɗaya, tantani ya yage, ruwan laka ya zubo. A wannan gaɓar ko tari ba na so a yi. Sannan a karkata kyamara a yashe ɗaya gefen ta ƙofar nan dai, ba tare da an ci mahaɗar ƙashi da yawa ba, kada baya ya yi sako-sako.

Da tantanin ya cika ya fara harbawa a allo daidai da bugun zuciya, an buɗe. Ɗinki ɗaya ko biyu. Yawanci kashegari mutum na takawa, kuma tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai koma gona. Ɗaukar buhu da kwandon tumatir dai sai likita ya ba da izini, bayan makonni.