Darasi: Doki a bakin kwalta

Darasinmu na wanga karo kan doki ne da babbar hanya. Hanya mai lamba 1, wadda ta bi ta Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi da Tasawa har Damagaram, ta ratsa gonaki, burtali da kasuwannin ƙauye ba iyaka. Haka ma ta Ƙonni zuwa Tawa, da ta Maraɗi zuwa Ɗan Isa. Duk mai doki a wannan yanki, ko ya so ko ya ƙi, wata rana sai ya taka kwalta. Direbobi kuwa iri-iri ne. Akwai mai hankali, akwai wanda in ya hango mahayi sai ya danna oda ya ƙara wuta, yana dariya. Ba mu iya gyara halin kowane direba. Abin da ke hannunmu shi ne mu san halin doki, mu san halin mota, mu tsaya inda ya dace.

1. Yadda doki ke gani

Idanun doki a gefen kai suke. Saboda haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba, sai wuri biyu: daidai bayan wutsiyarsa, da dab da goshinsa. Mota mai tahowa daga baya tana cikin wurin da ba ya gani. Ƙararta yake ji tukuna, sannan kwatsam ta bayyana a gefen idonsa. Doki kuwa makaminsa gudu ne, in ya tsorata ba ya tsayawa bincike. Zabura yake, ko ya yi tsalle gefe, kuma ba ya zaɓen gefen da babu mota.

Sau da yawa ma ba motar ce ke fara tsorata shi ba. Leda ce iska ya ɗauko, ko kare ya fito daga cikin hatsi, sai ya kauce ma wannan ya faɗa tsakiyar hanya. Wanda ya ce dokinsa ba ya tsoron mota, to bai gama magana ba, sai ya ce ba ya tsoron komi.

2. Yadda mota ke tsayawa

Mutane da yawa suna zaton direba na taka birki mota na tsayawa. Ba haka ba ne. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Kafin direba ya gan ka, ƙafarsa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce. A makarantar tuƙi ana koya masu cewa a gudun 50 ƙaramar mota na bukatar kamar mita 25 kafin ta tsaya cik, a gudun 90 kuwa kamar mita 80. Wannan a busasshiyar hanya ne, da tayu masu kyau. Kamyo mai ɗauke da albasa ko siminti ya fi haka nesa ba kusa ba.

Da dare abin ya fi muni. Ƙaramar fitilar mota mita 30 take haskawa, babbar kuma mita 100. Ku yi lissafi da kanku: direba ya ga baƙin doki a mita 30, shi kuwa mita 80 yake bukata. Ko waliyyi ne ke tuƙin, ya makara. Haka lokacin hazo na hunturu, da lokacin da rana ke faɗuwa tana dukan idon mai tafiya yamma.

3. Shiri tun daga gida

Dokin da bai saba da inji ba, kada ranar kasuwa ta zama ranar koyonsa. A fara ɗaure shi nesa da hanya, inda yake hangen motoci, a zuba masa harawa nan, tare da tsohon doki mai sanyin hali. Kowace rana a matso kaɗan. A gida kuma a tada moto lokacin da yake cin hatsinsa, daga nesa tukuna, har ƙarar ta daina ɗaga masa kai. Aiki ne na makonni, ba na yini guda ba. Bulala ba ta cire tsoro, ƙara shi take.

Kafin a hau a duba majayi, likkafa da igiyar linzami. Fatar da ta bushe ta tsattsage, ranar zabura take tsinkewa. Linzaminmu na gargajiya mai zafi ne a baki. In doki ya tsorata ka fizge shi da ƙarfi, tabarya zai yi, kuma a kan kwalta tabarya faɗuwa ce da baya.

4. A kan hanya

In akwai turba ko burtali a gefe, a bi shi, ko da ya fi nisa. Da damina, lokacin da shuka ta kai bakin hanya, in ya zama dole a hau kwalta, ga ƙa'idodi:

Mahayi da mai amalanke hannun dama suke bi, kamar mota, can gefe.

In kana jan doki a ƙasa, ka tsaya ta hagunsa, wato kai ne tsakaninsa da motoci, igiya gajera. Kada ka naɗe ta a hannu.

In ka ji babbar mota a baya, ka ɗan karkato kan doki wajen hanya don ya gan ta da idonsa. Yin haka kuma yana kai gindinsa wajen daji. In ka juya kansa daji, gindin ne zai shiga hanya.

Tafiya ake a kan kwalta, ba sukuwa ba. Kofato na zamewa, gwiwa ta daku, kuma kwalta na cin kofato kamar zarto.

Dukushi ba ya bin uwarsa sake a bakin hanya. A sa masa ragama ko a bar shi gida.

Yaro ƙarami bai kamata a aike shi da ingarma ba, balle ranar kasuwa da goɗiyoyi ke wucewa.

In dare ya kama ka, ka sa farar riga, ka riƙe tocila ko fitilar salula. Ƙyalle mai walƙiya irin na rigunan masu aikin hanya, in an ɗaura shi a ƙafafun doki ko a bayan amalanke, direba na hango shi tun daga mita 150. Kuɗinsa bai kai na buhun dusa ba.

Wajen ƙetarewa da garke, a zaɓi miƙaƙƙen wuri da ake hangen nesa ta kowane ɓangare, ba kwana ba, ba bayan tudu ba. Mutum guda ya tsaya can gabas, wani can yamma, kowa da ƙyalle a hannu. A ƙetare gaba ɗaya. Bisar da aka bari ita kaɗai a wancan gefe, ita ce ke rugowa cikin mota don ta cim ma ƴan'uwanta.

5. Saƙo ga direbobi

Kusan kowane gari yana da ɗa direba ko ɗan kabu-kabu. Ku gaya masu: in sun ga doki su rage gudu tun daga nesa, kada su yi oda, su ba shi fili, su rage fitila, kuma kada su taka wuta sai sun wuce sosai. A Ingila, tun 2022 littafin dokar hanya ya ce a wuce doki da gudun da bai fi kamar kilomita 16 a awa ba, a bar masa mita 2. Amfanin na direban ne ma. Doki ya kai kilo 300 ko fiye, kuma ƙafafunsa dogaye ne. In ƙaramar mota ta kwashe ƙafafun, gangar jikin ta gilashi take shigowa, kan wanda ke zaune gaba.

Inda burtali ya ratsa kwalta, maigari da ƙungiyar makiyaya su nemi magajin gari a kafa allon nan mai kusurwa uku da jan baki da hoton saniya. Su kuma kai magana tasha, wurin shugabannin direbobi, tun kafin hawan salla ko babbar kasuwa.

6. In hatsari ya auku

A fara da mutum, sannan doki. A rubuta lambar mota ko a ɗauki hotonta, a kira jandarma su zo su gani su rubuta. Doka ta wajabta ma kowace mota asurans, amma ba takardar jandarma, neman diyya na da wuya. Kada a yi saurin karɓar ƴan kuɗi a bakin hanya a ce an yafe, don wani ciwon sai bayan awoyi yake fitowa.

A fitar da doki daga hanya, a kwance sirdi, a bar shi ya natsu. Inda jini ke zuba a danna tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi a ɗaure. In ya jiƙe a ƙara wani bisa, kada a cire na farko. Babban doki yana da jini fiye da lita 25, saboda haka jinin da ya ɓata ƙasa bai cika kashe shi ba. Wanda ke zuba a ciki shi ne abin tsoro. A ɗaga leɓe a duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne, in ya yi fari fat, akwai matsala. Zuciyar doki mai hutawa tana bugawa kamar sau 30 zuwa 40 a minti, numfashi 8 zuwa 16. In bayan ya huta bugun ya wuce 60, yana gumi yana rawar jiki, a kira ma'aikacin kiwo nan take.

A wanke rauni da tafasasshen ruwa da ya huce, lita guda da gishiri ƙaramin cokali 2. Kada a zuba baƙin mai, ruwan batir, toka ko kashin shanu. Suna ƙona nama, suna kuma sa ƙazanta. Raunin da ke son ɗinki, cikin awa 6 zuwa 8 ya fi kamawa. Rauni kusa da gaɓa, in yana fitar da ruwa rawaya mai yauƙi, ko ƙarami ne, gaɓar ta huje, ba aikin gida ba ne.

Kada a manta da tetanos, ciwon da ke sandare jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Doki na cikin bisashen da ya fi kamawa, ƙwayarsa kuma tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Yakan fito mako 1 zuwa 3 bayan rauni, lokacin da mai doki ya ɗauka an warke. Allurar kariya ranar da aka ji ciwon ake yin ta. Ku tambaye ta.

Ƙashin ƙafa in ya karye sarai a babban doki, da wuya ya ɗoru, don doki ba ya iya kwanciya wata da watanni, ba ya kuma iya rayuwa kan ƙafa uku. In ma'aikaci ya duba ya ce a hutar da shi, tausayi ne, ba mugunta ba.

Tambayoyin tattaunawa

A garinku, ina ne bisashe ke ƙetare kwalta, kuma ana hangen mota daga nisan mita nawa?

Wa ke kai dawaki rijiya ko tabki, babba ko yaro?

Amalanke nawa ke dawowa daga kasuwa bayan magariba babu fitila?

Ku zauna ku amsa, ku kawo ma ma'aikacin kiwo na yankinku abin da kuka yanke. Allah ya kiyaye mu da bisashenmu, amin.