Darasi na Sha Huɗu: Zane Mai Ba da Labari

Wani labarin da kunne ake jin sa, wani kuma ido ne ke fahimtarsa tun kafin a karanta rubutun. Irin na biyun shi ne labarin zane, inda ake jera hotuna cikin ƙananan akwatuna, a rubuta maganar kowa kusa da bakinsa.

Misalinmu a yau shi ne Beasts of Burden, wanda kamfanin Dark Horse na Amurka ya fara bugawa a shekarar 2003. Evan Dorkin ne ya rubuta, Jill Thompson kuma ta zana. Taurarinsa karnuka biyar ne da kyanwa ɗaya, mazauna wani ƙagaggen gari mai suna Burden Hill. Su ne ke binciken al'amuran fatalwa da mayu, waɗanda mutanen garin ba su ma san da su ba. A labarin farko, fatalwa ce ta hana wani kare mai suna Jack sakat a ɗan ɗakin da yake kwana.

Da fentin ruwa Thompson ta yi aikinta. Wannan fenti yana da wuyar sha'ani, domin idan launi ya zauna a takarda, gyara shi sai an sha wahala. Amma yana da taushi a ido. Ciyawa takan fito shar, gashin kare kuma kamar a kai hannu a shafa. Nan dabarar take. Mai karatu yakan saki jiki da wannan kyau, ya shaƙu da dabbobin, sai kwatsam launi ya rine, duhu ya rufe shafi. A wani labari na shekarar 2009, kwaɗi ne suka zubo daga sama kamar ruwa, daga bisani suka zama ƙaton dodo guda. Da a ce tun farko shafin baƙi ƙirin yake, da tsoron bai kai haka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta sa wa dabbobin riga ko wando ba, ba ta kuma tsayar da su a kan ƙafa biyu kamar mutane ba. Kare yana nan a karensa. In ya tsorata, kunnuwansa su kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu. In kyanwa ta fusata, bayanta ya gantsare, gashinta ya miƙe. Wannan aiki ya jawo wa Thompson lambar yabo ta Eisner.

Tambayoyi

1. Wace ce ta zana labarin, kuma da wane irin fenti?
2. Ta yaya za ka gane kare ya tsorata ba tare da ka karanta maganarsa ba?
3. Zana akwatuna uku na akuyar da ta ji motsi cikin dare, sannan ka rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowanne.