Tsarin Bayanai a Saƙonnin Manhajojin Intanet: Darasi ga Masu Ƙamusun Hausa

1.0 Gabatarwa

Idan manhajar ƙamus ta nemi wata kalma daga rumbun bayanai da ke intanet, amsar tana zuwa ne a saƙon da na'ura za ta karanta. Wannan muƙala ta dubi yadda ake tsara irin wannan saƙo, da yadda tsarin ya shafi rubutun Hausa.

2.0 Rabe-raben Bayanai

Ƙa'idar SOAP 1.1 ta shekarar 2000, wadda aka gina a kan XML, ta raba bayanai gida biyu: tilo da harɗaɗɗe. Tilo shi ne kamar lamba ɗaya ko kalma ɗaya. Harɗaɗɗe kuwa iri biyu ne: ƙunshi, wanda ake gane kowane sashensa da suna, da jeri, wanda ake gane sassansa da matsayinsu. Wannan rabo yana nan a tsarin JSON, kamar haka:

{"kalma": "ƙasa", "jinsi": "mace", "jam'i": "ƙasashe", "ma'ana": ["turɓaya", "yankin mulki"]}

Ko da an gabatar da "jam'i" kafin "jinsi", saƙon bai sauya ba, domin da suna ake neman su. Amma idan aka juya jerin ma'anoni, an sauya hukuncin mai ƙamus game da ma'anar da ya fifita.

3.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Takardar RFC 8259 ta 2017 ta wajabta amfani da UTF-8 wajen musayar JSON. A wannan tsari, harafin ƙ (U+0199) yana cin bayit biyu. Idan manhajar da ta karɓi saƙon ta karanta shi da tsohon tsarin Windows-1252, sai ƙ ya fito a matsayin Æ™. Masu gudun wannan matsala sukan cire ƙugiya, sai "ƙasa" ta koma "kasa", wato gazawa ko macijiya. Haka kuma, wasalin à mai karin sauti ƙasa yana rubutuwa ta hanya biyu: harafi guda, ko a tare da alamar U+0300. Ido ba ya bambance su, amma na'ura tana iya ɗaukar su kalmomi daban, sai an daidaita su da tsarin NFC.

4.0 Kammalawa

Tantance abin da zai shiga ƙunshi da wanda zai shiga jeri hukunci ne na ilimin harshe. Don haka ya kamata masanin Hausa ya zauna da mai rubuta manhaja tun kafin a shigar da kalmar farko.