Nazarin Kasuwa: Yadda Asalin Shuɗin Yakutu Ke Yanke Masa Daraja

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu, inda 'yan kasuwar Arewa suka daɗe suna sana'ar canji da sayar da zobba da sarƙoƙi, mai sayen zobe mai shuɗin ido kan tambayi nauyin dutsen da kyan launinsa. A manyan kasuwannin duniya kuwa akwai wata tambaya da ke gaba da waɗannan, wato a wace ƙasa aka haƙo shi. Amsarta kan iya ninka farashi sau da dama, ko da duwatsun biyu sun yi kama a ido.

Shuɗin yakutu, wanda Turawa ke kira safaya, ma'adini ɗaya ne ko'ina aka same shi, kuma daiman ne kaɗai ya fi shi tauri cikin duwatsun ado. Ɗan ƙarfe da sinadarin titaniyam da ke cikinsa su ke ba shi launi. Ana auna shi da karat, karat 5 ne ke yin giram 1.

Misali biyu sun isa su nuna ƙarfin suna. A watan Nuwamba na 2014 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da wani yakutun Siri Lanka mai karat 392 a Jeniba kan dala miliyan 17.3, kimanin dala 44,000 ke nan kowane karat. A watan Oktoba na 2015 kamfanin Sotheby's ya sayar da na Kashmir, wanda bai cika karat 28 ba, a Hong Kong kan kusan dala miliyan 6.7, wato sama da dala 240,000 kowane karat. A ƙa'ida babban dutse ya kamata ya fi tsada a karat, amma ga shi ƙaramin ya ninka babban fiye da sau 5.

Dalili na farko shi ne ƙaranci. An gano ma'adinin Kashmir ne wajen 1881 a yankin Padar, can cikin tsaunukan Himalaya, bayan zaftarewar ƙasa, kuma kafin 1890 mafi kyawunsa ya ƙare. Duk wanda ke yawo a kasuwa yau kusan tsohon haƙo ne, masu nema suna ƙaruwa, kayan ba ya ƙaruwa. Burma da Siri Lanka ne ke bi masa a daraja.

Dalili na biyu yana cikin ƙasa. Yakutun da ya fito tare da duwatsun aman wuta, irin na Ostareliya da Tailan da Nijeriya, yakan ɗauki ƙarfe da yawa, saboda haka launinsa kan yi duhu har ya doshi baƙi. Na kudancin Jihar Kaduna, wajen Nisama da Gidan Waya, yawancinsa haka yake, kuma shi ya sa dillalai suka daɗe suna yi wa yakutun Nijeriya kallon mai araha. Sai dai a 2014 masana na cibiyar GIA ta Amurka sun ba da rahoto kan yakutun tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda aka samu manyan duwatsu garau masu shuɗi mai haske. Kyau dai akwai shi, sunan ne bai riga ya kafu ba.

A nan ne batun ya zama na tattalin arziki sosai. Masanin nan George Akerlof ya bayyana a 1970 cewa idan mai saye ba zai iya bambance nagari da mugu ba, to kuɗin tsaka-tsaki kawai zai taya, mai nagarin kaya shi ke asara. Ido ba ya gane asalin yakutu. Ɗakunan gwaji irin su Gübelin da SSEF na ƙasar Suwizalan ne ke duba ƙananan tabon da ke cikin dutse da sinadaransa, su ba da takardar shaida. Ita ma takardar ra'ayin masana ce, domin a 2017 SSEF ta gargaɗi 'yan kasuwa cewa wani sabon yakutu daga Madagaska yana kama da na Kashmir har ana sayar da shi da sunansa. Takardar kan kuma faɗi ko an gasa dutsen a wuta don gyara launi, aikin da garin Chanthaburi na Tailan ya shahara da shi. Wanda ba a gasa ba ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Ga ɗan kasuwar Ama Hausa a Inugu ko na Titin Bida a Anaca, ma'anar wannan a fili take: kada ya biya kuɗin suna bisa maganar baki, ko da ta fito daga amintacce, tun da shi ma amintaccen ji ya yi. Inda babu takarda, launi da tsabta da yanka da nauyi kaɗai ya kamata a saya.

Babbar asarar kuwa ta mahaƙan Nguroje ce da kewayenta. Yawancin abin da suke haƙowa yana barin ƙasar nan ɗanye, ba yanka ba shaida, a sarrafa shi a Tailan ko Siri Lanka, ribar ta tsaya can. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi ga mai sayen ma'adini da izini ga mai fitar da shi waje, kuma waɗannan takardu su ne matakin farko na nuna wa mai saye a ƙetare cewa dutsen daga Mambila ya fito.