ƘURI'ARKA SHAIDA CE: Darasi Ga Samarin Musulmi

 

Ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, ka sani cewa wannan 'yar takarda da kake dangwala wa yatsa a rumfar zaɓe tana da suna a wurin malaman fiƙihu. Sunanta shaida. Idan ka dangwala wa wane, to, ka tsaya ke nan gaban Allah ka ce: na shaida wannan mutum ya fi sauran cancanta a damƙa masa dukiyar jama'a, da jininsu, da mutuncinsu, har shekara huɗu. Ko ka faɗa da baki ko ba ka faɗa ba, yatsanka ya faɗa.

To, mene ne hukuncin wanda ya ba da shaida alhali ya san ƙarya ce? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana lissafa wa sahabbai mafi girman zunubai. Ya ambaci shirka, ya ambaci saɓa wa iyaye, duk yana kishingiɗe. Da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. A cikin Suratul Hajji kuma, aya ta 30, Allah ya haɗa hani ga bautar gumaka da hani ga maganar zur a wuri guda. Yanzu fa ka dubi saurayin da zai yi sallar asuba a sahun farko, wandonsa bai wuce idon sawu ba, ba ya kusantar bidi'a ko kaɗan, amma hantsi na yi sai ya tafi bayan rumfa ya karɓi taliya da sabulu da 'yan kuɗi a ambulan, ya dangwala wa mutumin da shi kansa yake kira ɓarawo a majalisarsu ta shayi. Wannan wane irin riƙon Sunna ne?

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa ma, mu ajiye lahira a gefe na ɗan lokaci. A ce naira 5,000 aka ba ka. Shekara huɗu kwana 1,461 ne. Ka raba, za ka ga ba ka kai naira huɗu a rana ba. A kan wannan ka sayar da asibitin da matarka za ta haihu, da makarantar ƙanenka, da hanyar gonar mahaifinka. Wanda ya saya kuwa ba wawa ba ne, jari ya zuba, kuma daga baitulmali zai fanshe ninkin-ba-ninkin. In ka je ƙofar gidansa daga baya da kukan rashin ruwa a unguwarku, me zai ce maka? Ai an gama ciniki tun ranar zaɓe.

Wani zai ce: to malam, ba gara in zauna a gida ba? Dimokuraɗiyya tsarin Turawa ne, ni ba ruwana. Wannan shubuha ta daɗe, kuma malamanmu sun amsa ta tun kafin a haife ka. Lokacin da soja suka mayar da mulki hannun farar hula a 1979, jam'iyyu biyar suka yi takara, watau NPN da UPN da NPP da GNPP da PRP, kuma wannan ne zaɓen tarayya na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa. A shekarun da suka biyo baya Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa, ya yi ta kira ga Musulmi su yanki katin zaɓe, su kuma bar matansu su fita su yanka. Har ya yi maganar nan da ta tayar da ƙura, inda ya fifita muhimmancin siyasa a kan salla. Masu neman abin suka sun yi ta yawo da ita. Amma mai hankali ya gane nufinsa: babu wanda ya ce a bar salla, abin da ake faɗa shi ne wanda ya riƙe mulki yana iya buɗe maka masallaci yana kuma iya rufe shi, kuma barnar mugun shugaba tana shafar al'umma gaba ɗaya. Ƙa'idar usulu ce sananniya cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ai a ƙarƙashin sarkin da ba ya bin addininsa ya riƙe taskokin Masar, ya ceci mutane daga yunwa.

Kuma zamanka a gida ba ya hana a yi zaɓen. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fita ba su kai miliyan 25 ba. Bola Ahmed Tinubu ya hau mulki da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da wani abu, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Wanda ya ƙi fita, da ya je sayen mai an rage masa kuɗi don bai yi zaɓe ba? Suratul Baƙara, aya ta 283, ta hana ɓoye shaida, ta kuma jingina zunubin ɓoyewar ga zuciyar mai shi.

MA'AUNIN DA ZA KA AUNA ƊAN TAKARA

Nan ne nake so ka natsu, domin nan ne aka fi cin samarin Sunna da yaƙi. Mai sayen ƙuri'a da taliya a fili yake, kowa ya san shi. Wanda ya fi shi hatsari shi ne mai sayenta da sunan addini.

Alƙur'ani ya ba mu ma'auni mai kai biyu. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon nan na Madyana ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda siffa biyu: ƙarfi da amana. A Suratu Yusuf, aya ta 55, da Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata: tsarewa da sani. Ka ga abu ɗaya ne aka faɗa sau biyu. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya ya gina littafinsa Assiyasatush Shar'iyya a kan waɗannan rukunai biyu. Mafi ban mamaki kuma shi ne abin da Muslim ya ruwaito game da Abu Zarril Gifari. Wannan sahabi ne da babu mai shakkar gaskiyarsa da gudun duniyarsa. Ya roƙi Manzon Allah ya ba shi muƙami, aka hana shi, aka sanar da shi cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne da ke zama nadama ranar ƙiyama. Idan tsoron Allah irin na Abu Zarri bai wadatar ba sai an haɗa da iyawa, ina ga mutumin da ba ka san shi da komai ba sai farin rawani da zuwa Umra da mai ɗaukar hoto?

Mun ga wannan da idonmu. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, ta fara aiki a Janairu 2000, wasu jihohi goma sha ɗaya na Arewa suka bi sahu. Mutane sun taka daga garuruwa masu nisa, wasu suna kuka don murna, kuma murnar a kan gaskiya take, domin Shari'a hukuncin Allah ce, ba mu da wani abin so da ya wuce ta. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani talaka a Zamfara kan satar saniya. To, ɗan'uwa, a cikin shekara ashirin da wani abu da suka wuce, gwamna nawa ko kwamishina nawa ka ji an gurfanar gaban alƙalin Shari'a kan dukiyar jama'a? Gwamna mai ci ma sashe na 308 na tsarin mulki ya yi masa rigar kariya. Alhali kuwa lokacin da aka nemi ceton matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, Manzon Allah ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun farko shi ne ƙyale babba idan ya yi sata da hukunta mai rauni, ya kuma yi rantsuwa cewa ko 'yarsa Faɗima ba zai ɗaga wa ƙafa ba. Laifin ba na Shari'a ba ne. An karɓi sunan, ba a bi an tambayi aikin ba.

Haka aka sake a 2023. Aka ce tikitin Musulmi da Musulmi, aka cika mumbarori da shi. Malaman da suka goyi baya suna da hujjarsu, kuma mai ijtihadi da kyakkyawar niyya ba a zaginsa, kada ka kuskura ka saki harshenka a kan malamai. Amma a ganina tambaya ɗaya ta yi ƙaranci a wancan lokaci: bayan sunan, me za a yi wa talaka? Maganar cire tallafin mai ba a ɓoye take ba, manyan 'yan takara uku duk sun faɗe ta tun a yaƙin neman zaɓe. Ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar rantsuwa, aka sanar da cirewa. Litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwanmu cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Da yunwa ta fito da mutane kan titi a watan Agusta na 2024, samari irinka aka harba, aka kama. A farkon Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana, yawancinsu 'yan Arewa, suna faɗuwa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja saboda galabaita, sai da aka yi ta surutu sa'an nan aka ba da umarnin sakinsu. Duk wanda ya zo maka a 2027, mai ci ne ko mai neman kujera, ka ɗora shi a kan wannan ma'auni. In ya taɓa riƙe jiha, je ka duba jihar. Malaman makaranta suna samun albashi? 'Yan fansho fa? Manomi yana iya kwana a gonarsa? Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Game da jam'iyya kuwa ba sai na tsawaita ba. Rabi'u Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje gwamna da mataimaki ne har sau biyu a Kano, daga baya suka zama ba sa ga maciji. Atiku Abubakar ya bar PDP a 2006, ya koma, ya sake fita zuwa APC a 2014, ya dawo a 2017, ya kuma bar ta a 2025. Bello Matawalle ya zama gwamnan Zamfara a 2019 a PDP, bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC saboda rashin ingantaccen zaɓen fid da gwani, a 2021 sai ga shi a APC ɗin. Su riga ce a wurinsu, in ta yi datti su sauya. Kai kuwa ka ƙaurace wa ɗan'uwanka wata da watanni a kanta, alhali Shari'a ba ta yarda ka wuce kwana uku ba.

Mafi muni shi ne wanda ya ɗauki makami. A Kano ana ce musu 'yan daba, a Bauchi sara-suka, a Gombe kalare. A ba yaro ƙwaya da adda a tura shi, 'ya'yan mai gidan kuwa suna karatu a Ingila ko Dubai. A tarzomar Kano ta watan Yuli 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Abubakar Rimi shawara kan siyasa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilu 2011 an kashe mutum sama da 800 a Arewa cikin kwana uku, Musulmi da Kirista, har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da suka zo aikin zaɓe. Wa zai amsa wannan jini? Hadisi ya tabbata cewa jini ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar ƙiyama, kuma a ranar babu uban gida.

RANAR ZAƁE

Mai shaida na gari ba ya ba da shaida ya juya baya. Ka yi rajista tun da wuri, ka je ka karɓi katinka, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka taimaki mahaifiyarka da matarka da ƙannenka mata su ma su samu nasu, a kai su cikin mutunci da sutura, amma kada ka tilasta musu ra'ayinka, domin shaidarsu tasu ce.

Idan aka miƙa maka takardar ƙuri'a, ka juya bayanta ka duba ko jami'in zaɓe ya buga hatimi ya sa hannu. Kada ka raina wannan. A watan Satumba na 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a sama da 165,000 daga na Abba Kabir Yusuf a Kano saboda rashin hatimi da sa hannu, ta ce ba shi ya ci ba. Jihar ta zauna cikin zullumi har zuwa 12 ga Janairu, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa. Ko kana sonsa ko ba ka sonsa, abin da dubawar daƙiƙa guda za ta magance ya ci wata huɗu. Bayan ka jefa, ka koma gefe cikin natsuwa, ba hayaniya, ba zagi. Lokacin salla ya yi, ku yi jam'inku a nan kusa ku dawo. Ka tsaya har a ƙirga a gaban kowa, a rubuta sakamako, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna kwafi a bangon rumfa. In kana da waya ka ɗauki hotonsa ka ajiye.

Saura mas'alar da samari suke yawan aiko mana: wanda ya riga ya karɓi kuɗin, ko aka sa shi ya rantse da Alƙur'ani cewa zai zaɓi wane, yaya zai yi? A taƙaice, rantsuwa a kan saɓo ba a cika ta, sai ya warware ya yi kaffara kamar yadda Suratul Ma'ida, aya ta 89, ta tsara, watau ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Hukuncin kuɗin da ya karɓa kuwa yana da tafsili, za mu kawo shi da dalilansa a darasi na gaba in Allah ya yarda.