Mudu, Lada, Kala da Rami: Hakkin Jama'a a Kan Ɗan Kasuwa

Wurin karatu: Littafin Firistoci 19:9-18, 35-36, Fitowa 21:33-34

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan mai bi wanda ba a yin wata sana'a a cikinsa. Uwa tana sayar da hatsi ko tana suyar ƙosai, uba yana da shago ko injin niƙa, ɗa yana koyon kafinta. Daga ribar nan ake cin abinci, ake biyan kuɗin makaranta, ake kawo zakka da baiko. Littafi Mai Tsarki bai rena ciniki ba. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ce, Akila da Bilkisu kuwa masu ɗinkin alfarwa ne, har Manzo Bulus ya yi aiki tare da su.

Sai dai akwai kuskuren da ya zauna a zukatan masu bi da yawa. Suna tsammani rabon Allah yana farawa ne sa'ad da riba ta shiga majami'a, yadda aka samo ta kuwa sha'anin kasuwa ne. Sura 19 ta Littafin Firistoci ta rushe wannan tunani. Ta buɗe da kira zuwa ga tsarki, sa'an nan ta kai mu gona da kasuwa domin mu ga inda ake gwada tsarkin. Bari mu duba hakkoki huɗu da jama'a suke da su a kan mai sana'a.

1. Mudu: hakkin mai saye

Ayoyi 35 da 36 sun hana zamba wajen awo da ma'auni. Dukanmu mun san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da buhun da aka sa kyakkyawan dankali a sama, ruɓaɓɓe a ƙasa, da man ja da aka zuba wa rini. Mai saye ba ya iya gwada kome da kansa, amana ce yake ba mai sayarwa.

Wani lokaci algus yakan wuce asarar kuɗi ya kai ga asarar rai. Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009, yara fiye da 80 suka mutu a ƙasar nan bayan an ba su wani maganin fitowar haƙori wanda aka haɗa da sinadari mai lalata ƙoda. Iyayensu da hannunsu suka ba su, suna neman musu sauƙi. Hukumar NAFDAC tana ƙoƙarinta, amma ba ta iya tsayawa a bakin kowane shago. Mai bi da yake sayar da magani, ko taki, ko abinci, ya sani cewa akwai Mai gani ko da jami'i bai zo ba.

2. Lada: hakkin ma'aikaci

Aya 13 ta hana ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. Dalili a fili yake: kuɗin da mai gida yake gani kaɗan ne, shi ne tuwon daren lebura da 'ya'yansa. A shekarar 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata, amma wannan doka ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Yarinyar da take wanke kwanuka a gidan abinci, da yaron shago, da mai gadi, ba su da wata kariya sai tsoron Allah na wanda ya ɗauke su.

A nan ya kamata mu binciki kanmu. Akwai masu riƙe yaro shekara biyar ko shida yana musu bauta, da lokacin sallama ya zo sai su ƙaga masa sata su kore shi hannu wofi. Akwai makarantu, har da na masu bi, inda malamai sukan yi wata uku ba albashi alhali ana ta ɗora sabon gini. Yakubu 5:4 ya nuna cewa ladan da aka danne yana da murya, Ubangiji kuma yana jin ta.

3. Kala: hakkin marasa ƙarfi

Ayoyi 9 da 10 sun umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zuba, ya bar wa matalauci da baƙo. A lura, ba a ce ya tara duka sa'an nan ya raba sadaka ba. An ce ya rage wa kansa riba domin wani ya sami wurin yin aiki ya ci da mutuncinsa. Da wannan doka Rut ta ciyar da Na'omi a gonar Bo'aza.

Tarihi ya nuna mana 'yan kasuwa da suka fahimci haka. A shekarar 1879 George Cadbury da wansa Richard, waɗanda masu bi ne, suka ɗauke masana'antarsu daga cunkoson birnin Birmingham a Ingila suka kai ta bayan gari. Daga baya aka gina wa ma'aikata gidaje masu lambu a wurin da ake kira Bournville. Kamfanin bai karye saboda haka ba. Mu da ba mu da masana'anta, kalarmu ita ce mu koya wa maraya sana'a, mu ɗaga wa gwauruwa ƙafa a kan bashi, mu ƙi ɓoye hatsi lokacin da maƙwabta suke kwana da yunwa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

4. Rami: hakkin gari da na baya

Fitowa 21:33-34 ta ɗora alhaki a kan wanda ya haƙa rami bai rufe ba: in dabbar wani ta faɗa ciki, shi zai biya. Wanda ya san ƙasar Filato ba ya bukatar a fassara masa wannan. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a kewayen Jos, Bukuru da Barikin Ladi. Aikin ya kawo amfani: jirgin ƙasa ya iso, aka sami lantarki daga Kurra tun 1929, dubban mutane suka sami abin yi. Amma an ƙwace gonaki masu yawa, kuma tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kwaso mutane aikin tilas a ramukan. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni sun riga sun ja da baya. Ribar ta ƙetare teku, ramukan suka zauna tare da mu. Waɗansu ana noman rani da ruwansu, waɗansu kuwa sun ci yara da dabbobi.

Kada mu tsaya ga zargin baƙi kaɗai. Mai buga bulo da ya kwashe yashin rafi har gada ta zube, da mai sayar da ruwan leda da ya bar ledoji suka toshe magudana, da mai gawayi da ya sare kurmi bai dasa ko ɗaya ba, kowannensu ya haƙa rami bai rufe ba. Jikokinmu ne za su faɗa ciki.

Kammalawa

A tsakiyar waɗannan dokoki, a aya 18, aka sa umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Ubangijinmu Yesu ya ɗora kusa da ƙaunar Allah. Maƙwabcin ɗan kasuwa shi ne mai saye, da ma'aikaci, da matalauci, da garin da yake zaune a ciki, ko Kirista ne ko ba Kirista ba. Da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma kullum suna zuwa shagonmu, a nan suke karanta shaidarmu. Babban baiko ba ya wanke tauyayyen mudu. Mai karɓar harajin nan na Yariko, da ceto ya shiga gidansa, sai ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta (Luka 19:8). Wanda wannan darasi ya taɓa zuciyarsa, ya fara daga nan.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. A cikin sana'ar gidanmu, wace hanya ce ta fi sauƙin cutar mai saye ba tare da ya sani ba?
2. Akwai wanda muke riƙe da ladansa a yau? Yaushe za mu biya?
3. Wace kala za mu iya bari a wannan wata, kuma domin wa?
4. Wane rami sana'armu take bari a unguwa, yaya za mu rufe shi?

Addu'a

Ya Uba, kai ne mai ba da ƙarfin neman abinci. Ka gafarta mana inda muka ci hakkin waɗansu, ka ba mu zuciyar gyarawa. Ka sa albarka ga aikin hannuwanmu, domin sunanka ya sami ɗaukaka a kasuwa kamar yadda yake samu a majami'a. A cikin sunan Yesu Kristi, Amin.